Shin da gaske dokar duniya ta haramta hukuncin kisa?

Duk lokacin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'a a kan hukuncin kisa, sai jita-jita ta tashi cewa an haramta shi a duniya baki ɗaya, wai yanzu mai kisan kai zai sha ɗauri kawai ya fito. Ba haka abin yake ba. Ƙudurin da ake maimaitawa tun 2007 kira ne ga ƙasashe su dakatar da zartarwa, kuma bai zama dole a kan kowa ba.

Dokar da ke da haƙora ita ce Yarjejeniyar 'Yancin Jama'a da Siyasa ta 1966, wadda ta fara aiki a 1976. Sashe na 6 bai soke hukuncin ba, ƙuntata shi ya yi. Sokewa tana cikin wata ƙarin yarjejeniya ta 1989, wadda ƙasa ke shiga don ganin damarta. Ita kanta babbar yarjejeniyar ba ta hau kan kowa ba: Saudiyya ba ta ciki, Sin kuwa ta sa hannu a 1998 amma ba ta tabbatar ba.

Bisa Sashe na 6, ba a yanke wa wanda ya aikata laifi kafin ya cika shekara 18 hukuncin kisa, ba a kuma zartar da shi a kan mai juna biyu.

Inda ake kai ruwa rana shi ne sharaɗin sashen cewa ba a yanke hukuncin sai a kan "laifuka mafi muni". Wa zai auna munin? Yarjejeniyar ba ta jero su ba. A 2018 kwamitin da ke sa ido a kanta ya ce abin nufi shi ne kisa da gangan. Bisa wannan, safarar miyagun ƙwayoyi, cin hanci, garkuwa da mutane, har da fashi da makami idan ba a rasa rai ba, duk ba su kai ba. Kwamitin ya kuma ƙi dokar da ke ɗaure hannun alƙali, ta ce da zarar laifi ya tabbata sai kisa, ba tare da duba yadda abin ya faru ba. Ƙasashe da dama na cewa wannan ra'ayin masana ne, ba hukuncin kotu ba, kuma ta fuskar doka suna da abin faɗa. Sai dai idan kowace gwamnati ce za ta zaɓi abin da ta kira mafi muni, to sharaɗin ya zama ado. Ingila ta taɓa kaiwa laifuka sama da 200 masu hukuncin rataya a farkon ƙarni na 19, ciki har da ƙananan sace-sace.

Wasu kuma na ganin haƙƙin neman afuwa ko sassauci da Sashe na 6 ya bayar gata ne ga masu laifi. Ga iyalan wanda aka kashe, jiran shekaru ana ɗaukaka ƙara azaba ce, wannan ba a musu. Amma kotu na kuskure. An rataye Timothy Evans a Landan a 1950 bisa zargin kashe 'yarsa, daga baya aka gano maƙwabcinsa John Christie ya kashe mata da dama a gidan, har da matar Evans ɗin, wadda Christie ya amsa kashewa. Afuwa ta zo a 1966, shekara 16 bayan hauni ya gama aikinsa. Shi ya sa sashen ya ce ba a zartarwa sai kotun da ke da hurumi ta yanke hukuncin ƙarshe, kuma bisa dokar da ke aiki ranar da aka aikata laifin.