Iyaye mata, don Allah a daina jan loɓar yaro da ƙarfi

Salamu alaikum iyayena mata, yau maganar loɓa zan yi, fatar nan da ke rufe kan gaban yaro, tunda a wajenmu wasu yaran sai sun kai shekara 6 ko 7 ake musu shayi lokacin sanyi.

Jariri da fatar a manne ake haifarsa, ba ciwo ba ne, da kanta take sakewa a hankali, wani a shekara 3 wani 5 wani ma sai ya kusa balaga. To wajen wanka sai uwa ko kaka ta ce ai datti ya taru a ciki ta kama ja da ƙarfi, fatar ta tsage ta yi jini, in ta warke ta bar tabo mai tauri bakin ya ƙara tsukewa. Wallahi abin nan yana damuna, don da kyakkyawar niyya ake yi amma yaron ke shan wuya. Ki wanke waje da ruwan ɗumi kawai, ba Dettol ba sabulu mai ƙarfi.

In wajen ya yi ja ya kumbura, mugunya na fita, yaro na kuka in zai yi fitsari, ki kawo mana shi asibiti. Kar a shafa toka ko man zafi, kar kuma a kira wanzami a kan kumburi, sai ciwon ya lafa tukuna. In kandida ce, wato ƙwayar cutar fangas, akwai man clotrimazole, in bakteriya ce a ba da antibayotik. Tsukewar kuma likita kan rubuta man betamethasone a shafa sau 2 a rana sati 4 zuwa 8, sau da yawa yana sakinta, in ta ƙi ko kumburin na ta dawowa sai a yi kaciya.

Manya marasa kaciya ma kumburin nan yana samunsu, in yana yawan dawowa Malam je ka a gwada maka suga, don ciwon suga na iya jawo shi.

Wanda ba ya jira shi ne in an ja fatar baya ta maƙale ta ƙi komawa, ta shaƙe kan kamar zobe yana ta kumbura yana yin baƙi, jini ne ya kasa gudana, ko ƙarfe 2 na dare ne a ɗauke shi a tafi asibiti, kar a ce sai da safe.