Reshen Matasan Jam'iyyar ANC: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinsa da Rawar da Ya Taka

Kusan kowace babbar jam'iyya a duniya tana da reshen matasa, amma kaɗan ne daga cikin waɗannan rassa suka taɓa juya akalar uwar jam'iyyarsu baki ɗaya, har tarihin ƙasa ya sauya a dalilinsu. Reshen matasan jam'iyyar ANC (African National Congress) ta Afirka ta Kudu yana cikin waɗannan kaɗan ɗin, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa.

Yaushe aka kafa reshen, kuma su wane ne suka kafa shi?

An kafa shi a birnin Johannesburg a shekarar 1944, bayan babban taron ANC na watan Disamban 1943 ya amince da buƙatar hakan. A lokacin ita uwar jam'iyyar ta shekara 32, domin an kafa ta ne ranar 8 ga Janairun 1912 a Bloemfontein. Shugaban reshen na farko shi ne Anton Lembede, ɗan talakawan manoma daga lardin Natal wanda ya yi aikin koyarwa kafin ya karanci shari'a, kuma tare da shi akwai A.P. Mda da Walter Sisulu da Oliver Tambo da Nelson Mandela. Galibinsu malaman makaranta ne da ɗaliban lauya da na likitanci, waɗanda shekarunsu ba su wuce 25 zuwa 33 ba.

Me ya sa suka ga buƙatar nasu reshe alhali jam'iyyar tana nan?

Domin sun gaji da yadda dattawa suke tafiyar da gwagwarmayar. Tun kafuwarta, ANC ta dogara ne a kan rubuta takardun koke da tura wakilai wurin hukuma, har ta aika tawaga zuwa Landan a 1914 da kuma 1919 domin roƙon gwamnatin Ingila ta sa baki, kuma dukkansu suka dawo hannu rabbana. A cikin wannan lokaci dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, dokar 1936 ta ɗaga shi zuwa kimanin kashi 13, sannan a wannan shekarar aka cire baƙar fatan lardin Cape daga rajistar zaɓe ta bai ɗaya, aka ba su wata majalisar ba da shawara wadda ba ta da ikon zartar da komai.

A ɗaya gefen kuma, yaƙin duniya na biyu ya sa masana'antu sun bunƙasa, jama'a sun kwararo birane, unguwannin baƙar fata sun cika maƙil, kuma talakawa sun fara ɗaukar mataki da kansu. Mazauna unguwar Alexandra da ke gefen Johannesburg sun ƙaurace wa shiga motocin haya saboda ƙarin kuɗin mota, suka riƙa taka sayyada mai nisa zuwa wuraren aikinsu, sannan a watan Agustan 1946 ma'aikatan haƙar zinare kimanin dubu 70 suka shiga yajin aiki, 'yan sanda suka murƙushe su da ƙarfi. Matasan sun lura cewa jama'a sun riga jam'iyyar yin gaba, kuma jam'iyyar da take da'awar wakiltar miliyoyin mutane amma mambobinta ba su wuce 'yan dubbai ba tana dab da zama majalisar 'yan boko kawai. Abin lura a nan shi ne ba su fice sun kafa tasu jam'iyyar ba. Sun zaɓi su zauna a ciki su matsa wa shugabanni lamba, kuma a ganina wannan zaɓin ne ya ba su nasarar da suka samu.

Wace aƙida suka zo da ita?

Kishin Afirka tsantsa. Lembede ya yi ta nanata cewa babbar cutar da mulkin fararen fata ya ɗora wa baƙar fata ita ce raina kai, kuma babu wanda zai 'yantar da ɗan Afirka sai shi da kansa. Saboda haka a shekarun farko 'yan reshen sun yi adawa da haɗa kai da jam'iyyar kwaminis da ƙungiyoyin Indiyawa mazauna ƙasar, bisa tsoron cewa waɗannan za su karɓe ragamar gwagwarmayar, kuma shi kansa Mandela yana cikin masu zafi a wannan ra'ayi. Lembede ya rasu a 1947 yana da shekara 33, Mda ya gaje shi. Daga bisani aiki tare a fagen fama ya sassauta ra'ayin Sisulu da Tambo da Mandela, suka karɓi ƙawance da duk wanda yake adawa da wariyar launin fata, ko wane ne shi.

Me ya faru a 1949 da ake yawan ambatonsa?

A wannan shekarar ce reshen ya ƙwace alƙiblar jam'iyyar. A 1948 jam'iyyar National Party ƙarƙashin D.F. Malan ta ci zaɓen da kusan fararen fata kaɗai suka kaɗa ƙuri'a a cikinsa, ta kuma fara shimfiɗa wariyar launin fata a matsayin cikakken tsarin mulki. Matasan suka tsara wani shirin gwagwarmaya wanda ya ƙunshi yajin aiki da ƙaurace wa hukumomin wariya da bijire wa dokokin zalunci ba tare da ɗaukar makami ba, suka nemi shugaban jam'iyya, Dakta A.B. Xuma, ya rungumi shirin domin su mara masa baya a zaɓe mai zuwa. Xuma, wanda shi ne ya farfaɗo da jam'iyyar tun daga 1940, ya daidaita kuɗinta da tsarinta, kuma a zamaninsa aka amince da kafa reshen, ya ɗauki wannan a matsayin rashin kunya daga yaran da suka taso a hannunsa, ya ƙi.

A babban taron Disamban 1949 a Bloemfontein, wakilai suka amince da shirin, aka kayar da Xuma, aka zaɓi Dakta James Moroka wanda matasan suka tsayar, sannan Sisulu ya zama babban sakataren jam'iyya. Zaɓen Moroka ya nuna cewa matasan ma sun yi gaggawa, domin mutum ne da bai da tushe a cikin ANC, kuma da aka gurfanar da shugabanni a kotu a 1952 kan gangamin bijire wa dokoki sai ya ɗauki lauyansa daban, ya nisanta kansa da abokan shari'arsa, abin da ya sa aka maye gurbinsa da Albert Luthuli a ƙarshen shekarar. Amma shirin kansa ya yi aiki. Gangamin bijire wa dokokin zalunci da aka fara ranar 26 ga Yunin 1952, wanda Mandela ya jagoranci 'yan sa-kansa, ya sa an kama mutum kimanin dubu 8 da suka karya dokokin da gangan, kuma yawan mambobin jam'iyyar ya haura zuwa wajen dubu 100. Darasin da nake gani a nan shi ne matasan sun je taron ne da rubutaccen shiri wanda suka shafe shekaru suna muhawara a kansa, kuma kujerun da suka nema sun neme su ne domin aiwatar da shi.

Shin kowa a cikin reshen ya bi wannan sabon layi na ƙawance?

A'a. Bayan an amince da Kundin 'Yanci a Kliptown a watan Yunin 1955, wanda ya ce Afirka ta Kudu ta duk mazaunanta ce, baƙi da fari, waɗanda suka riƙe aƙidar Lembede ta asali suka ga an kauce hanya. Suka ɓalle suka kafa jam'iyyar PAC a watan Afrilun 1959 ƙarƙashin Robert Sobukwe, wanda shi ma ya taso ne daga reshen matasa tun yana ɗalibi a jami'ar Fort Hare. PAC ce ta kira zanga-zangar ƙin takardar izinin zirga-zirga wadda ta ƙare da kisan mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, kuma cikin 'yan makonni gwamnati ta haramta jam'iyyun biyu.

Ina reshen ya shiga a shekaru 30 na haramci?

Ya daina aiki a cikin ƙasar, shugabanninsa na farko kuwa wasu suna kurkukun tsibirin Robben, wasu suna gudun hijira. Sai dai gwagwarmayar matasa ba ta tsaya ba, ta koma wasu hannaye ne: ƙungiyar ɗalibai ta SASO da Steve Biko ya jagoranta, da 'yan makarantar Soweto da suka fito ranar 16 ga Yunin 1976 suna adawa da tilasta musu karatu da harshen Afrikaans, sannan ƙungiyar matasa ta SAYCO da aka ƙaddamar a ɓoye a 1987 ƙarƙashin Peter Mokaba. Bayan Shugaba F.W. de Klerk ya ɗage haramcin ranar 2 ga Fabrairun 1990, aka sake gina reshen a kan tubalin SAYCO da matasan da suka dawo daga gudun hijira, Mokaba ya zama shugabansa.

Mene ne aikinsa bayan ANC ta hau mulki a 1994?

A rubuce, aikinsa shi ne jawo matasa masu shekara 14 zuwa 35 cikin jam'iyya, da ilmantar da su siyasa, da yi wa jam'iyya yaƙin neman zaɓe, da kare muradun matasa a cikin manufofin gwamnati. A aikace kuwa, samun mulki ya sauya ma'anar zama shugaban reshen, domin kujerar ta zama tsani. Malusi Gigaba, wanda ya shugabance shi daga 1996 zuwa 2004, ya zama minista har ya riƙe ma'aikatar kuɗi, Fikile Mbalula da ya gaje shi ya riƙe ma'aikatu da dama kafin a zaɓe shi babban sakataren ANC a Disamban 2022. Ba laifi ba ne reshen matasa ya horar da shugabannin gobe, hasali ma wannan yana cikin dalilan kafa shi. Matsalar tana farawa ne idan ya zamana muƙami da kwangilar gwamnati su ne abin da ake shiga reshen dominsu, kuma wannan zargi ya daɗe yana bin reshen, har daga bakin dattawan jam'iyyar.

Rawa ta biyu ita ce ta naɗa sarki. A taron Polokwane na Disamban 2007, reshen matasa tare da ƙungiyar ƙwadago ta COSATU da jam'iyyar kwaminis suka mara wa Jacob Zuma baya ya kayar da Thabo Mbeki a shugabancin jam'iyya, kuma a Satumban 2008 jam'iyyar ta sa Mbeki ya sauka daga shugabancin ƙasa. Wasu suna kwatanta wannan da 1949, amma a ganina kwatancin ya yi rauni, domin a Polokwane abin da ya haɗa kan masu goyon bayan Zuma shi ne neman kawar da Mbeki, kuma da aka kawar da shi ɗin ba a daɗe ba suka juya wa juna baya.

Yaya aka yi Julius Malema ya raba gari da jam'iyyar?

An zaɓi Malema shugaban reshen a 2008, kuma a wannan shekarar ya furta a bainar jama'a cewa a shirye suke su yi kisa saboda Zuma. Ya ɗauko batun mayar da ma'adinai hannun gwamnati da karɓe filaye ba tare da biyan diyya ba, batutuwan da suka ratsa zukatan matasa marasa aikin yi waɗanda suka ga 'yancin siyasa ya zo amma dukiyar ƙasa tana nan inda take. Da dangantakarsa da Zuma ta yi tsami, kwamitin ladabtarwa na jam'iyya ya tuhume shi da raba kan jam'iyya da zubar mata da mutunci, ciki har da kalaman da reshen ya yi na neman sauya gwamnati a Botswana. Aka dakatar da shi a Nuwamban 2011, aka kore shi a 2012, kwamitin ɗaukaka ƙara ƙarƙashin Cyril Ramaphosa ya tabbatar da korar. A Yulin 2013 ya kafa jam'iyyar EFF, wadda ta samu kujeru 25 a majalisar dokoki a zaɓen 2014. Wannan ne karo na biyu da jam'iyyar adawa ta fito daga cikin reshen matasan ANC.

Ashe ke nan reshen ba shi da 'yancin kansa?

Yana da shi, amma da iyaka. Tsarin mulkin ANC ya ba shi damar yin nasa kundin da nasa taruka da zaɓen nasa shugabanni, da sharaɗin kada ya saɓa wa manufofin uwar jam'iyya, kuma ita uwar jam'iyyar ce take yanke hukunci a kan ko an saɓa ko ba a saɓa ba. Ta yi amfani da wannan iko a 2013, inda ta rusa shugabancin reshen ta naɗa kwamitin riƙo, ta sake yin haka a 2019 bayan wa'adin Collen Maine da aka zaɓa a 2015. Ba a sake samun zaɓaɓɓen shugaba ba sai a Yulin 2023, da aka zaɓi Collen Malatji. Jam'iyya tana son reshen matasa mai cika filin taro, amma ba ta son wanda zai iya yi mata abin da aka yi wa Xuma, kuma yana da wuya a samu na farkon ba tare da an yarda da yiwuwar na biyun ba.

Wane matsayi reshen yake da shi a yau?

Ya yi rauni idan aka kwatanta shi da da. A shekarun da suka biyo bayan korar Malema, babbar gwagwarmayar matasan ƙasar, wato zanga-zangar ɗaliban jami'o'i kan kuɗin makaranta da ta ɓarke a Oktoban 2015, ta taso ne daga harabobin jami'o'i, ba daga ofishinsa ba. Rashin aikin yi a tsakanin masu shekara 15 zuwa 34 ya haura kashi 40 cikin 100, kuma matasa da yawa waɗanda aka haifa bayan 1994 ba sa ma yin rajistar zaɓe. A zaɓen Mayun 2024 ANC ta samu kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, ta rasa rinjayenta a majalisa karon farko tun 1994, dole ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa da wasu jam'iyyu. Wani ɓangare mai yawa na ƙuri'un da ta rasa ya tafi ne ga jam'iyyar MK ta Zuma, yayin da EFF ta Malema ta riƙe kusan kashi 10, wato mutumin da reshen ya taimaka aka ɗora a 2007 da wanda ya shugabanci reshen a 2008 yanzu dukkansu suna jagorantar jam'iyyun adawa.