Birni da gunduma masu iyaka ɗaya a taswirar Amurka

A Amurka akwai biranen da aka haɗe su da gundumar da suke ciki, suka koma ƙarƙashin gwamnati guda. A wasu daga cikinsu iyakar birnin ita ce iyakar gundumar, amma a takardun hukuma kowanne yana nan da sunansa. Mai zana taswira sai ya nuna hukumomi biyu da layi ɗaya.

Tarihi

Filadelfiya ce aka fi ambata. A 1854 majalisar dokokin jihar Pennsylvania ta narkar da garuruwa da unguwannin gundumar cikin birnin, bayan tarzomar 1844 ta nuna cewa 'yan sandan ƙananan hukumomi masu yawa ba sa iya kwantar da rikicin da ya tsallaka iyakokinsu. Bayan shekara biyu, a 1856, Kalifoniya ta yi wa San Francisco haka, ta yanke kudancin tsohuwar gundumar ta kafa gundumar San Mateo. Haɗewar New Orleans kuwa ana danganta ta da farkon ƙarni na 19, ko da yake iyakokin ba su daidaita ba sai wajen shekarun 1870. Denver ta biyo baya a 1902, sai Nashville a 1963, Jacksonville a 1968, Indianapolis a 1970.

Zana taswira

Hukumar ƙidaya ta Amurka tana ajiye birnin da gundumar a matsayin abubuwa biyu, kowanne da lambarsa. Ta gundumar San Francisco ita ce 06075. Iyakar wannan birni ba ta tsaya a bakin teku ba, domin tsibiran Farallon, kimanin mil 30 daga gaɓa, suna cikinta.

Ba kowace haɗewa ce ke daidaita layi ba. A gundumar Duval, wadda aka haɗe da Jacksonville, garuruwa huɗu sun riƙe gwamnatocinsu, wato Baldwin, Jacksonville Beach, Atlantic Beach da Neptune Beach, don haka wanda ya ɗauki iyakar gundumar a matsayin ta Jacksonville ya kuskure.

A OpenStreetMap, taswirar intanet da masu sa kai ke zanawa, gunduma tana mataki na 6 a jerin matakan mulki, birni a na 8. Masu aikin sun sha bamban kan ko a shigar da iyaka guda ko biyu masu raba layi ɗaya.

Birane masu zaman kansu

Waɗannan daban suke, don ba sa cikin kowace gunduma: Baltimore, St. Louis, Carson City, da birane 38 na jihar Virginia.