Waiwaye: albashin shugabannin kamfanoni, ladan ƙwazo ne ko rabon sa'a?

Duk lokacin da kamfanonin Tadawul, kasuwar hannun jarin Saudiyya, suka fitar da rahoton shekara, sai gardamar albashin shugabanninsu ta sake tashi a majalisun Hausawan Jidda da Makka, musamman waɗanda suka shiga iktitab ɗin Aramco a 2019, wato lokacin da kamfanin man ya fara sayar wa jama'a hannun jarinsa. Wani ya ce mai riƙe da kamfanin biliyoyi ba a biyansa albashin magatakarda. Wani ya ce to wace tsiya ya tsinana da wani ba zai iya ba?

Gardamar ta girmi Tadawul nesa ba kusa ba. Tun 1932 masana Berle da Means suka lura cewa a Amurka masu hannun jari sun yi yawa sun warwatsu, ragama ta koma hannun manajojin da ba da dukiyarsu suke juyi ba. A 1990 Jensen da Murphy suka lissafa cewa idan dukiyar masu jari ta ƙaru da dala 1,000, abin da ke shiga aljihun shugaban bai wuce dala 3.25 ba, don haka suka ce a ɗaure samunsa da farashin hannun jari. A 1993 Amurka ta hana kamfani neman rangwamen haraji a kan albashin da ya haura dala miliyan 1, sai in lada ne na ƙwazo. Nan kamfanoni suka ga ƙofa, suka koma biya da hannun jari, dokar da aka yi don rage albashi ta taimaka wajen kumbura shi. A 1965 shugaban babban kamfani a can yana samun kamar ninki 20 na ma'aikacinsa. A shekarun nan ana zancen wajen ninki 300.

Masu cewa kasuwa ce ta yanke farashin suna da hujja. Gabaix da Landier sun nuna cewa daga 1980 zuwa 2003 albashin ya ninka sau shida, darajar manyan kamfanonin ma haka. Amma binciken da ya fi shafar mu shi ne na Bertrand da Mullainathan a 2001: shugabannin kamfanonin mai a Amurka, albashinsu kan hau duk lokacin da ɗanyen mai ya yi tsada, alhali ba su suka sa farashin ba.

A duba Aramco. Ribarta a 2020 dala biliyan 49 ce, a 2022 ta kai biliyan 161, kuma Amin Nasser ne a kan kujera duk shekarun biyu. Ba wanda zai ce basirarsa ce ta ninka sau uku. Annoba ce ta lafa, yaƙin Yukiren ya ɓarke. A ƙasar da siminti, bankuna da sinadarai duk ke bin sawun mai, riba kaɗai ba ta isa ma'aunin ƙwazo ba, a ganina, sai an gwada kamfani da tsararrakinsa.

Dokokin nan Saudiyya kuwa bayan wuya aka haife su. Kasuwa ta faɗi a Fabrairun 2006, ta rasa fiye da rabin darajarta kafin ƙarshen shekara, kuma a Nuwamban shekarar hukumar kasuwar jari ta fitar da ƙa'idojin shugabancin kamfanoni. Yau dole kamfani ya bayyana abin da ya biya 'yan majalisar gudanarwa da manyan jami'ansa biyar. Dokar kamfanoni ta 2015 ta hana ladan ɗan majalisar gudanarwa wuce riyal 500,000 a shekara, wadda ta fara aiki a Janairun 2023 ta ɗage wannan iyaka. Ƙaramin mai jari yana iya jefa ƙuri'arsa ta intanet a shafin Tadawulaty, sai dai a kamfanonin da gwamnati ko gida ɗaya ke riƙe da kaso mafi tsoka, kafin a zo babban taro an riga an gama magana.