Me ya sa maɓallan manhaja ke kaucewa idan an canza kwamfuta? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja mai taga da maɓallai ya san wannan ciwon kai. A kwamfutarka komai na zaune daram. Da an buɗe ta a wata kwamfutar sai ka ga rubutu ya guntule, maɓalli ya hau kan akwatin rubutu, ko kuma a ja taga ta yi faɗi amma kayan ciki su cure a kusurwa guda. Ga amsoshin tambayoyin da masu koyon wannan aiki suka fi yi.

Me ake nufi da manhaja ta tsara kayan tagarta da kanta?

Hanya biyu ake bi wajen ajiye kaya a taga. Ta farko, ka faɗi lambobi da bakinka: maɓallin nan ya zauna fiksil (ɗigon allo) 20 daga hagu, 140 daga sama, faɗinsa 80, tsayinsa 24. Ta biyu, ka faɗi dangantaka kawai: lakabi da akwatin rubutu da maɓalli su jeru a layi ɗaya, akwatin ya cinye duk wurin da ya rage. A hanya ta biyu akwai wani ɓangare na manhajar, mu kira shi mai rabon wuri, wanda ke lissafa lambobin da kansa duk lokacin da aka buɗe taga, aka ja gefenta, ko rubutun ciki ya canza.

Abin ba na yau ba ne, kayan aikin da ake gina tagogin manhaja da su sun daɗe da shi. Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991, ya zo da pack, daga baya aka ƙara masa grid. wxWidgets, da Julian Smart ya fara a Jami'ar Edinburgh a 1992, yana da nasa masu rabon wuri irin su wxBoxSizer. Qt, wanda ya fito daga Norway a 1995, yana da QHBoxLayout da QVBoxLayout da QGridLayout. Java ma tun farkonta tana da BorderLayout da GridBagLayout. Sunaye ne suka bambanta, aikin ɗaya ne.

To me ya hana lambobin da na rubuta da hannu su yi aiki a ko'ina? Ai fiksil fiksil ne.

Fiksil ɗin ba ya canzawa, abin da ake son cusawa a cikinsa ne ke canzawa.

Fara da haruffa. Windows tana rubuta kayan taga da Segoe UI, Mac da San Francisco, a Linux kuma ya danganta da abin da mutum ya saka. GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, ta daɗe tana amfani da Cantarell. Faɗin haruffan nan ba ɗaya ba ne, don haka kalmar da ta cika maɓalli daidai a Windows tana iya neman ƙarin fiksil biyar ko shida a wani wuri. Maɓallin kansa ma kowane tsari da irin gefen da yake bar masa.

Sai kaifin allo. Windows tana ɗaukar ɗigo 96 a inci a matsayin kashi 100 cikin 100. Mai ƙaramar laftof mai kaifin allo yakan mayar da shi 150, wato ɗigo 144. Rubutu ya ƙaru da rabi ke nan, kuma maɓallin da ya isa da fiksil 80 yanzu 120 yake bukata. Android ta magance wannan da nata awon, dp, wanda ke daidai da fiksil ɗaya a allo mai ɗigo 160 a inci, yana ninkuwa gwargwadon kaifin allon.

Na uku shi ne fassara, kuma a nan abin ya shafe mu kai tsaye. Lakabin "Username" harufa 8 ne. "Sunan mai amfani" ya ninka shi. Idan an yanka wa lakabin wuri daidai na Turanci, mai karatu da Hausa rabin magana zai gani. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ: idan nau'in haruffan da aka zaɓa ba shi da su, kwamfuta za ta aro su daga wani nau'in, kuma aron yakan zo da faɗi ko tsayin da ba a yi lissafi da shi ba.

Yaya mai rabon wurin yake yin lissafinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta, domin wanda ya gane ta ya gane sauran.

Kayan taga a cikin juna suke. Taga uwa ce, a cikinta akwai akwatuna, a cikin akwatunan akwai maɓallai da lakabai, su ne 'ya'ya. Lissafin zagaye biyu ne. A zagaye na farko tambaya ake yi daga ƙasa zuwa sama: kowane ɗa ya faɗi girman da yake so, da kuma mafi ƙanƙantar da zai iya jurewa. Kamar ciniki ne a kasuwa, akwai kuɗin da mai kaya ya fara faɗa, akwai kuma wanda in an sauka ƙasa da shi sai ya ce albarka. Maɓalli yana samo nasa girman ta hanyar auna rubutunsa da haruffan wannan kwamfutar, ya ƙara gefensa. A Qt waɗannan awo biyu su ne sizeHint da minimumSizeHint. Uwa ta tattara na 'ya'yanta, ta haɗa da ratar da ke tsakaninsu, ta miƙa wa tata uwar, har a kai ga taga.

A zagaye na biyu rabo ake yi daga sama zuwa ƙasa. Taga ta san faɗinta na gaske, sai ta raba.

Mu gwada da lambobi. Taga mai faɗin 600, an bar 10 a kowane gefe, da ratar 10 tsakanin kaya. Layin yana ɗauke da lakabi mai son 80, akwatin rubutu, da maɓalli mai son 90. Gefuna biyu sun ci 20, rata biyu sun ci 20, lakabi da maɓalli sun ci 170. Saura 390, na akwatin rubutu ne. Aka ja taga ta kai 900, akwatin ya koma 690, sauran biyun ba su motsa daga girmansu ba. Aka fassara lakabin ya koma 150 a taga mai 600, akwatin ya ragu zuwa 320, babu wanda ya hau kan wani. Ba ka rubuta ko ɗaya daga cikin lambobin nan uku ba.

Flutter, wata hanyar gina manhaja wadda Google ta fitar da cikakkiyarta ta farko a Disambar 2018, ta ɗan juya tsarin. Uwa ce ke fara magana: ga iyakar da na ba ka, kada ka wuce nan, kada ka gaza nan. Ɗa ya zaɓi girmansa a cikin iyakar ya sanar da ita, ita kuma ta zaɓa masa mazauni. Shi ya sa sabon shiga Flutter kan yi mamaki idan ya ce akwati ya zama faɗin 100 amma ya ga ya cika allo: uwar ce ta ɗaure shi da iyakar da ba ta bar masa zaɓi ba.

Idan wuri ya ƙaru, wa ke cin ƙarin?

Wanda ka ce. Nan ne mutane ke zaton manhaja za ta yi musu tunani, alhali ba ta san cewa jerin sunayen ɗalibai ya fi maɓallin "Soke" bukatar fili ba sai ka gaya mata. Ana gaya mata da lambar rabo: proportion a wxWidgets, stretch a Qt, weight a grid na Tk, flex-grow a CSS na shafukan intanet. Sifili na nufin zauna a girmanka. Sauran lambobin kaso ne.

Akwai tarko a nan. A grid na Tk, rarar wuri kawai ake rabawa da wannan lamba, ba faɗin gaba ɗaya ba. A ce ginshiƙi na farko yana son 200, na biyu 100, ka ba su kaso 1 da 2, taga kuma 600 ce. Rara 300 ce: na farko ya samu 100, na biyu 200. Sakamako, kowanne 300. Kai kuwa 200 da 400 kake jira. Sai ka haɗa su da zaɓin uniform kafin ka samu haka. Flex-grow ma haka take yi muddin ba ka mayar da flex-basis, wato girman da ake farawa da shi, sifili ba.

Na saba da Anchors, wato ɗaure kaya da gefen taga, a Delphi da Windows Forms. Ba shi ke nan ba?

Ya yi rabin aikin. Ka ɗaure gefen dama na akwati da gefen dama na taga, in taga ta buɗe ya bi ta. Amma mazaunin farko da hannu ka ajiye shi, da haruffan kwamfutarka. Idan lakabin da ke kusa da shi ya yi tsawo, ɗaurin da aka yi da taga bai san da wannan ba. Lazarus, mai kama da Delphi, ta ci gaba a nan: tana bari ka ɗaure abu da maƙwabcinsa, ka kuma kunna AutoSize, sai akwatin ya matsa idan lakabin ya ƙaru.

Akwatuna ko gadon layuka da ginshiƙai (grid), wanne zan ɗauka?

Akwatuna a cikin akwatuna, na kwance da na tsaye, sun ishe ka yawancin tagogi. Amma fom mai lakabai a hagu da wuraren cikewa a dama, gado yake so, domin ginshiƙin lakabai ya ɗauki faɗin mafi tsawonsu, akwatunan duka su fara daga layi ɗaya. Qt har ta ware QFormLayout don wannan aikin kaɗai.

Tsarin sharuɗɗa irin na Apple fa?

Shi maimakon cusa kaya cikin akwatuna, sharuɗɗa kake rubutawa: hagun wannan ya zama daman wancan a ƙara 8, faɗin wannan kada ya gaza 120, waɗannan biyun su yi faɗi ɗaya in da hali. Kowane sharaɗi da nauyinsa, wani dole ne, wani so ne kawai. Hanyar warware su ana kiranta Cassowary, aikin Greg Badros da Alan Borning da Peter Stuckey a ƙarshen shekarun 1990. Apple ta gina Auto Layout a kanta, ta fito da shi a OS X Lion a 2011, sannan iOS 6 a 2012. GTK 4, kayan gina tagogi na GNOME, wanda ya fito a Disambar 2020, shi ma ya zo da GtkConstraintLayout.

Yana da ƙarfi, babu musu. Yana iya daidaita abubuwa biyu da ke nesa da juna, abin da akwatuna ba sa iyawa cikin sauƙi. Amma a ganina ba wurin farawa ba ne. Sharuɗɗa su yi kaɗan, mazaunin abu ya zama babu tabbas. Su yi karo da juna, manhaja ta karya ɗaya da kanta ta zubo maka dogon bayanin da sai ka natsu kafin ka gane wanne ta karya. Tagar da akwatuna uku za su tsara, ban ga dalilin ɗora mata sharuɗɗa ashirin ba.

Me ya sa rubutu mai naɗewa zuwa layi na gaba ya fi ba da wahala?

Domin tsayinsa ya dogara da faɗinsa. Saƙon da ke layi ɗaya a faɗin 600 zai koma layi uku a faɗin 200. Tambayar "nawa kake so?" ba ta da amsa guda a wurinsa, sai an fara gaya masa faɗi. GTK 3, a 2011, ta shigar da wannan cikin ginshiƙin lissafinta, Qt kuma tana da heightForWidth. Inda babu irin wannan, za ka ga ko dai layin ƙarshe ya ɓace ko taga ta miƙe har ta fita daga allo.

Jerin maɓallai da rubutun dama zuwa hagu, su ma aikin mai rabon wuri ne?

Su ma. Windows tana sa maɓallin amincewa kafin na sokewa. Mac da GNOME suna sa na amincewa a ƙarshen dama. QDialogButtonBox da wxStdDialogButtonSizer suna jera su yadda kowane tsari ya saba, ba sai ka rubuta taga biyu ba. Haka idan za a fitar da manhaja da Larabci ko da Hausar ajami: akwatin kwance yana juya jerin 'ya'yansa, lakabi ya koma dama, maɓalli ya koma hagu. Sharaɗin shi ne ka riƙa cewa "farko" da "ƙarshe" maimakon "hagu" da "dama". Android tana da start da end saboda haka.

Na yi amfani da mai rabon wuri amma har yanzu abin bai daidaitu ba. Ina zan duba?

Fara da neman inda ka ƙayyade faɗi ko tsayi da hannu. Lamba ɗaya da aka manta a can ciki tana iya ƙame taga gaba ɗaya.

A Tk, sa weight kaɗai bai isa ba: shi gurbin yake faɗaɗawa, abin da ke cikin gurbin kuwa yana nan tsakiya da girmansa sai ka ƙara sticky ya manne da gefuna. Kada kuma ka haɗa pack da grid a cikin uwa ɗaya. A tsofaffin fitowar Tk su biyun sai su yi ta jayayya kan girman taga har manhaja ta sandare, daga 8.6 kuskure take nuna maka. A wxWidgets, idan ka canza rubutun lakabi ko ka ɓoye wani abu bayan taga ta buɗe, sai ka kira Layout() a sake rabo. Lambar proportion kuma ta hanyar da akwatin ya miƙe kawai take aiki. Ɗaya ɓangaren wxEXPAND ke kula da shi.

Sai mafi ƙanƙantar girma. Idan jimillar abin da 'ya'ya ba za su sauka ƙasa da shi ba ta kai tsayin 900, mai laftof ɗin 1366 da 768 ba zai ga maɓallan ƙasa ba, kuma ba zai iya matse tagar ba. Irin wannan fom a sa shi cikin wuri mai gungurawa, a bar maɓallan a waje.

Ta yaya zan gwada kafin in ba mutane?

Ja tagar ta kai iyakar ƙanƙantarta, sannan ka cika allo da ita. Mayar da girman allo kashi 150 da 200. Sauya kowane rubutu da wanda ya ninka shi tsawo, ka sa masa ƙ da ɗ da ɓ. Kunna tsarin dama zuwa hagu. Manhajar Qt tana karɓar -reverse a layin umarni don wannan gwajin. Daga nan ka buɗe ta a kowane tsarin da ka ce tana aiki a kai, ko da a kwamfutar kwaikwayo ce irin ta VirtualBox, domin awon haruffa da na gefen maɓalli daga can suke fitowa.