Sa Idon Majalisar Dokokin Najeriya kan Manufofin Ƙasashen Waje

Sa idon majalisa kan manufofin ƙasashen waje shi ne ikon da tsarin mulki ya ba Majalisar Dokoki ta Ƙasa na bin diddigin yadda shugaban ƙasa ke hulɗa da wasu ƙasashe, wato ƙulla yarjejeniya da naɗa jakadu da tura soja da kashe kuɗi. Majalisar tana da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, kuma jihar Sakkwato na da sanatoci 3 da wakilai 11. Batun ya shafi Sakkwatawa kai tsaye, domin matakin da Abuja ta ɗauka kan Nijar yakan fara cizo a iyakar Illela da Birnin Konni.

Abin da tsarin mulki ya tanada

Sashe na 5(4) na Tsarin Mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi sai majalisun biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, ya kuma hana shi tura soja fagen daga a waje ba da izinin Majalisar Dattawa ba. Sai dai sashe na 5(5) ya bar masa ƙofa. Idan ya ga tsaron ƙasa na fuskantar barazana, yana iya tura dakaru taƙaitaccen aiki, ya nemi amincewar dattawan cikin kwana 7 da fara faɗa, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14. Sashe na 12 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai majalisa ta mayar da ita doka. Sashe na 171 ya ɗora wa dattawa tantance jakadu, sashe na 88 da 89 kuma suka ba majalisun ikon bincike da kiran jami'ai su yi bayani.

Sau da yawa majalisa kan ji labari ne bayan an gama aiki. A 2007 Majalisar Dattawa ta ce yarjejeniyar Greentree ta 2006, wadda ta tsara miƙa Bakassi ga Kamaru, ba ta bi ta hannunta ba, amma a watan Agusta 2008 aka kammala miƙa yankin. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a biya Amurka dala miliyan 496 kuɗin jiragen yaƙi Super Tucano 12, daga baya ya rubuta wa majalisa.

Rikicin Nijar na 2023

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba su wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Tinubu ya aike wa Majalisar Dattawa wasiƙa kan matakan da ake shirin ɗauka. Sanatocin Arewa suka yi gargaɗin cewa wutar yaƙi za ta fara cin jihohin da ke maƙwabtaka da Nijar, Sakkwato na cikinsu. Ranar 5 ga Agusta majalisar ta shawarci shugaban ƙasa da ya ƙarfafa hanyar siyasa da diflomasiyya. Wannan matsayi ya yi daidai, domin Gobirawa da Adarawa da ke ɓangarorin iyakar biyu dangin juna ne, aure da kasuwa sun haɗa su tun kafin Turawa su ja layi.

Ba 'yan majalisa ne suka ɗauki nauyin sulhun ba. Tsohon shugaban ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na III ne suka je Yamai. Tafiyar farko ba su ga jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tchiani, ba, sai a ta biyu, ranar 19 ga Agusta, suka gana da shi da kuma Bazoum. Malaman addini daga Najeriya ma sun yi nasu zuwan.

Iyaka da fitar da kaya

A nan ne hannun majalisa ya fi gajarta. Rufe iyaka da yanke wa Nijar wutar lantarki a 2023 umurnin ɓangaren zartarwa ne, ba a kaɗa ƙuri'a a kansu ba, alhali su ne suka tsayar da motocin kaya a Illela suka karya jarin 'yan kasuwar dabbobi da hatsi. ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Tinubu ya ba da umurnin buɗe iyakar a watan Maris. Haka aka yi a watan Agusta 2019 da aka rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, Illela ba ta buɗe ba sai Disamba 2020.

Akwai dokar 1989 da ta hana fitar da masara da wake da shinkafa da doya da rogo, Hukumar Kwastan ce ke aiwatar da ita. Abin da ke hannun majalisa shi ne gyara irin wannan doka, da kiran shugaban hukumar gaban kwamiti, da riƙe kasafin kuɗi. Ƙudurin da take zartarwa a zaure kan buɗe iyaka kuwa shawara ce kawai, shugaban ƙasa na iya bi ko ya ƙi.