Kuɗin ƙananan hukumomi kai tsaye: me hukuncin Kotun Ƙoli ya ce da gaske?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, zance biyu ke yawo a majalisun hira. Wasu na cewa kakar ƙananan hukumomi ta yanke saƙa, kowace mazaɓa za ta ga kwalta da rijiyar burtsatse. Wasu kuma, musamman malaman firamare, hankalinsu ya tashi, wai an jefa albashinsu aljihun ciyaman. Dukansu sun ɗora wa hukuncin abin da bai faɗa ba.

Abin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta shi ne a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, maimakon bi ta asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi na sashe na 162 na tsarin mulki, wanda makullinsa ke hannun gwamna. Kason nan kuwa kashi 20.6 cikin ɗari ne, kotu ba ta ƙara ko kwabo ba. Hanyar da kuɗin ke bi aka canja.

Wurin da mutane suka fi rikicewa shi ne batun kantomomi. Sashe na 7 na tsarin mulki zaɓaɓɓun shugabanni kawai ya sani, don haka kotu ta ce ƙaramar hukumar da ke hannun kwamitin riƙo ba za a sakar mata kuɗi ba. Ba a ce za a ɗaure gwamnan da ya naɗa kantoma ba, ba a kuma ci shi tara ba. Riƙe kuɗin shi ne horon. A nan ne ni nake da ja: idan aka riƙe, gwamna ba zai kwana da yunwa ba, mai shara da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ne za su ji a jikinsu.

Duk da haka barazanar ta yi aiki, jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe. A Oktoban 2024 APC ta lashe kujerun ciyamomi 23 na Kaduna, NNPP ta kwashe 44 na Kano. Hukumar zaɓen jiha, wadda gwamna ke naɗawa, hukuncin bai taɓa ta ba.

Tsoron malamai yana da tushe. Manyansu ba su manta farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka miƙa firamare ga ƙananan hukumomi aka yi ta bin bashin albashi wata da watanni. A 2025 ma malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi. Amma hukuncin bai rushe SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba, bai kuma sauke wa ƙaramar hukuma nauyin da Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya ɗora mata ba: firamare, kiwon lafiya, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da kwashe shara. Dama can daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashin malamai.

Nan ne mai jiran kwalta zai yi haƙuri. Albashi ke fara cin kuɗin, ga shi mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, sai fansho, sai kason masarautu. Alkaluman rabon wata sun ƙaru bayan cire tallafin mai a 2023, gaskiya ne, amma buhun siminti da litar dizal sun riga su tashi.

Ciyaman kuma ba sakin linzami aka yi masa ba. Kasafinsa sai kansiloli sun amince, majalisar jiha na nan da ikon yin dokar ƙananan hukumomi, kuma rigar kariyar sashe na 308, mai hana gurfanar da gwamna yana kan mulki, ba ta rufe shi ba, EFCC na iya gayyatarsa yana kan kujera. Da wannan iko na majalisa ne Anambra ta yi doka a Oktoban 2024, wadda ta tilasta ƙananan hukumomi zuba wani ɓangare na kuɗinsu a asusun da jiha ke kula da shi, wata uku kacal bayan hukuncin.